Labarai biyar da rana, wasan kwaikwayo da daddare: Asabar ɗina a Landan

A watan Yunin 2024 wani horo na malaman makaranta ya kai ni Landan, kuma ba labarin horon zan ba ku ba, don babu komai a cikinsa da ya wuce zaman aji da rubuce-rubuce. Asabar ɗin da aka ba mu hutu ita ce ta tsaya min a rai har yau. Gidan Kawuna na sauka, ƙanen mahaifiyata, ya daɗe a can sosai har furfura ta cika masa kai, 'yarsa kuma tana jami'a tana karatun adabi, ita ce ta tsara min ranar tun safe har dare, ni dai nawa bi.

Tun daren Juma'a ta turo min wasu gajerun labarai guda biyar a waya tace "Yaya dan Allah ka karanta ko da uku ne kafin ka kwanta, gobe akwai inda zan kai ka, kuma ba na so ka je ka yi shiru." Nace to. Ban kwanta ba sai da na cinye biyar ɗin duka, ga shi dama rana ba ta faɗuwa a can lokacin bazara sai bayan ƙarfe 9 na dare, barcin ma ba ya zuwa da wuri.

Labaran nan su ne waɗanda suka ci gasar gajerun labarai ta ƙungiyar Commonwealth, wato ƙasashen da yawancinsu rainon Ingila ne, a matakin yanki-yanki na shekarar. Ga wanda bai san ta ba, gasar tun 2012 ake yin ta, kuma an raba ƙasashen gida biyar: Afirka, Asiya, Kanada da Turai, yankin Karebiyan, sai yankin tekun Fasifik. Kowane yanki a fitar da gwani ɗaya a ba shi fam 2,500, sannan cikin su biyar ɗin a zaɓi gwanin gwanaye ya karɓi fam 5,000. Ba a biyan ko kwabo wajen shiga, labarin kuma kada ya gaza kalma 2,000 kada ya wuce 5,000, kuma ya zama ba a taɓa buga shi a ko'ina ba. A ƙarshen Mayu aka sanar da gwanayen yankuna, mujallar Granta ta sa labaransu a shafinta na intanet, lokacin da nake can ana jiran ƙarshen Yuni ne a ji wa zai ɗauki babbar. To ka ga na faɗo a daidai lokacin da gardama ta fi daɗi, kowa da nasa gwanin.

Da safe muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka Green Park, muka gangara ta titin St James's har bakin tsohuwar fadar nan mai jan bulo, kusa da ita akwai wani gida da ake kira Marlborough House. Nan ne hedikwatar ƙungiyar Commonwealth tun 1965, kuma gidauniyar da ke shirya gasar ma nan ofishinta yake. Christopher Wren ne ya zana gidan, aka gama shi a 1711, shi ne dai wanda ya zana babbar majami'ar St Paul's. Ba a shiga haka kawai, daga waje muka tsaya muka hango tutoci, ƙasashe 56 ne a ƙungiyar yanzu tunda Gabon da Togo suka shiga a 2022. Gaskiya ban ji wani abu sosai a wurin ba, gida ne na manya mai ƙofa a rufe, abin da kawai ya zo min a rai shi ne labarai sama da dubu bakwai da aka turo gasar a shekarar, wani daga ƙauyen da ko wutar lantarki ba ta isa ba, wani daga tsibirin da ba za ka iya nuna shi a taswira ba sai ka sa tabarau, duk nan suka nufo. Ba mu daɗe ba muka nemi bas.

Inda ƙanwar tawa, 'yar Kawu, ta ke son kai ni wani laburaren unguwa ne a kudancin Landan, suna da zaman masu karatu da suke yi a wani ɗan ɗaki na sama, kujerun roba an jera su da'ira. Mutanen ba su da yawa, amma kai ka ce an ɗebo su ne daga yankuna biyar ɗin da gangan. Akwai wani dattijo haifaffen Jamaika mai sanda da hular sanyi a tsakiyar bazara, akwai wata mata 'yar Indiya mai aikin kantin magani, wata nas 'yar Ghana da ta zo kai tsaye daga aikin dare idonta jajur, Turawa uku ko huɗu, sai ɗalibai irin ƙanwata. Ƙa'idarsu ita ce ba a fara magana a kan labari sai an karanta wani yanki nasa da ƙarfi kowa ya ji.

Wannan ƙa'idar ce ta fara buɗe min ido. Labarin da ya ci na Asiya, wata matashiya 'yar Mumbai ce mai suna Sanjana Thakur ta rubuta, ta sa masa sunan jarumar finafinan Indiya ɗin nan Aishwarya Rai, da na ga sunan ma sai da na yi murmushi don wa bai san ta ba. Labarin wata budurwa ce da take zuwa wani gida inda ake ajiye iyaye mata, tana ɗauko uwa ta gwada zama da ita, in ba ta yi mata ba ta mayar ta ɗauko wata, wato an juya zancen riƙon maraya ya koma 'ya ce ke neman uwar da za ta riƙa. Da na karanta shi ni kaɗai a kan gado da daddare dariya ya ba ni, nace kai wannan yarinya akwai dabara. Amma da matar nan 'yar Indiya ta karanta shi da bakinta, tana ɗan tsayawa a wuraren da ni na wuce da gudu, sai na ji ashe ba labarin dariya ba ne sam, labarin mutum ne da yake da uwa a raye amma sun kasa samun hanyar da za su zauna lafiya, kuma duk zagaye-zagayen nan ita take nema. Ta kai wani wuri muryarta ta ɗan shaƙe ta ajiye takardar ta cire tabarau ta goge, ɗakin ya yi tsit, ba wanda ya ce mata komai har ta ɗauka ta ci gaba.

Na Afirka kuma daga Mauritius ya fito, Reena Usha Rungoo, labarin wata mata da ganyen shayi iri-iri da take tarawa, kowane iri da abin da yake tuna mata na rayuwarta da na tarihin tsibirin da mulkin mallaka. Nas ɗin nan 'yar Ghana tace ita fa ta ji daɗin labarin amma a gaya mata gaskiya, ta ina wannan ya wakilci Afirka, tsibiri a tsakiyar tekun Indiya wanda mutanensa da yawa asalinsu Indiya ne. Nan fa aka kaure. Wani ɗalibi yace dama rabon yankunan bai yi daidai ba, ƙasashen Afirka 21 ne a ƙungiyar an cusa su a buhu ɗaya da gwani ɗaya, Kanada da Turai kuwa ƙasashe huɗu ne kacal, Birtaniya da Kanada da Malta da Cyprus, su ma gwani ɗaya. Matar Indiya tace to su fa, mutum sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu a Indiya kaɗai, ga Pakistan ga Bangladesh, su ma ai ɗaya ne.

Dattijon Jamaika ya bari sai da kowa ya gama sannan ya buga sandarsa a ƙasa a hankali. Yace shi yana nan tun zamanin da in ba a Landan aka buga littafinka ba to ba ka yi rubutu ba, kuma in da za a zuba kowa a kwando ɗaya ba yanki, to waɗanda suke da makarantun koyon rubutu da editoci da wakilai a bakin ƙofarsu su za su dinga kwashewa duk shekara, mutumin tsibiri ba zai taɓa jin sunansa ba. Ya kawo misalin 2022 da wani matashi daga Eswatini ya ɗauki babbar kyautar, da 2023 da ɗan ƙasarsu Kwame McPherson ya ɗauka, karon farko ga Jamaika.

Ni a nan nake tare da dattijon, kuma na faɗa a wurin da Turancina na malamin makaranta. Gwanin yanki ba wakilin yanki ba ne, ba ɗan majalisa aka zaɓa ba. Ba wani labari ɗaya da zai ɗauki Afirka a kai, kuma duk ranar da alƙalai suka fara neman labarin da "ya yi kama da Afirka" to an shiga uku, don abin da za su nema shi ne yunwa da yaƙi da ƙuda a fuskar yaro. Amfanin rabon shi ne kowane ɓangare na da tabbacin kujera ɗaya a gaba, kuma a kwamitin alƙalan ma kowane yanki na da mutum ɗaya, ga shugaba a kansu. Shugabar alƙalan shekarar ma, Jennifer Nansubuga Makumbi 'yar Uganda, ta wannan ƙofar ta shigo, ita ta ci babbar kyautar a 2014. 'Yan Najeriya kuma ba a bar su a baya ba, sun ɗauki na Afirka a 2012 da 2015 da 2017 da 2018 da 2020.

Amma abin da ya fi tsaya min a wuya ba a ɗakin aka faɗe shi ba, a matakalar fita ne ƙanwata ta nuna min a wayarta. Labarin da ya ci na Kanada da Turai a shekarar da Faransanci aka rubuta shi, wata 'yar Quebec mai suna Julie Bouchard, wata daban ta fassara shi zuwa Turanci. A 2019 ma wadda ta ɗauki babbar kyautar gaba ɗaya, Constantia Soteriou 'yar Cyprus, da Girkanci ta yi rubutunta. Gasar tana karɓar labari kai tsaye a wasu harsuna bayan Turanci, akwai Swahili, Bangali, Tamil, Girkanci, Turkanci, Faransanci, harshen Malta, har da harshen Samowa, kuma duk harshen da ba ya cikin jerin ana iya fassara labarin zuwa Turanci a tura, in ya ci mai fassarar ma yana da nasa kason. Na bi jerin da yatsa ban ga Hausa ba. Malta gaba ɗayanta mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Na tuna irin labaran da matanmu suke turawa gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, waɗanda in ana karanta su a rediyo sai ka ga mutum ya tsayar da abin da yake yi, na tuna marubutan da na sani a zaurukan WhatsApp masu rubuta shafi ɗari a waya da babban yatsa, nace wallahi ba baiwa muka rasa ba. Tace "Yaya ƙofar fassara ai a buɗe take, wa ya taɓa ƙwanƙwasawa a cikinku?" Ban da amsa, muka fita.

Da yamma Kawu ya same mu a bakin St Paul's. Ƙanwata ce ta dage sai ta nan za mu bi don in ga gidan wasan kwaikwayon da za mu je daga kan ruwa, muka hau gadar Millennium, ta masu tafiya a ƙasa ce zalla, wadda aka buɗe a 2000 aka rufe bayan kwana biyu saboda tana rawa in mutane sun yi yawa a kai, sai 2002 aka sake buɗe ta. Kana tsakiyar gadar za ka ga katafaren ginin Tate Modern da doguwar bututunsa a gabanka, tsohuwar tashar wutar lantarki ce aka mai da gidan zane-zane, sai ka kalli hagu kaɗan ka ga wani farin gini zagayayye mai baƙaƙen katakai da rufin ciyawa ya lafe a tsakanin gine-ginen gilashi. Shi ne Globe, gidan wasan Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila.

Ba shi ne na asali ba. Na asalin a 1599 aka gina shi, ya ƙone ƙurmus ranar 29 ga Yunin 1613 ana tsakiyar wasa, igwa aka harba don armashi wuta ta kama rufin ciyawar. Aka sake ginawa a 1614, aka rufe shi a 1642 lokacin da masu tsananin addini suka hana wasan kwaikwayo a Landan, daga baya aka rushe. Wani ɗan wasa Ba'amurke, Sam Wanamaker, ya zo Landan a 1949 yana neman inda gidan yake, bai tarar da komai ba sai wani allon ƙarfe da ya yi baƙi a jikin bango. Abin ya dame shi, a 1970 ya kafa gidauniya, ya yi ta bara da faɗa da jami'ai sama da shekara ashirin, ya rasu a 1993 bai ga an gama ba, sai 1997 aka buɗe. Tazarar sabon da inda tsohon yake ba ta wuce mita ɗari biyu da 'yan kai ba. Da itacen oak aka yi shi, turakun katako ne suka riƙe gaɓoɓin, an yi yaɓe da farar ƙasa da gashin akuya, kuma shi ne rufin ciyawa na farko da aka yarda a yi a Landan tun babbar gobarar 1666, shi ya sa in ka ɗaga kai za ka ga ƙananan famfunan kashe wuta an jera su a kan tsororuwar rufin. Mutumin nan ya burge ni ƙwarai, baƙo ne a ƙasar amma shi ya ji zafin abin fiye da masu shi.

Ciki kuwa kamar katafaren rumbu ne da aka cire wa jinkar tsakiya, benaye uku na bencin katako sun zagaye, sama a buɗe, dandamali ya kutso har tsakiyar fili da ginshiƙai biyu da aka yi wa fenti sai ka rantse marmara ne, ƙarƙashin rumfarsa an zana taurari da wata. Filin tsakiyar na masu tsayuwa ne, yana cin mutum kusan 700, kuma shi ne tikiti mafi arha, an yi shekara da shekaru ana sayar da shi fam 5. Kawu gwiwa ta hana shi tsayuwa, mun sama masa benci a bene na ƙasa, ya karɓi hayar ɗan kushin don katakon ba ya wasa. Nace "Kawu ko in zauna tare da ku?" Yace "Haba ɗana, ka taso tun daga can ka zo ka zauna a bayan ginshiƙi? Je ka gaba, ka dafa dandamalin da hannunka." Haka kuwa aka yi, mun shiga layi da wuri, muka samu wuri a gaba har ina ɗora gwiwar hannuna a bakin katakon, ina jin ƙanshin itace da ƙurar da takalman 'yan wasa suke tayarwa.

Wani wasan Shakespeare mai suna Much Ado About Nothing ake yi a daren, aka fara bakwai da rabi gari da haske tar. Ba a kashe wa 'yan kallo fitila a gidan nan, kana ganin ɗan wasa yana ganin ka, kana ganin fuskar wanda yake can ɗaya ɓangaren, kuma ba lasifika, muryar mutum ce kawai da katako. Turancin kuwa na shekara ɗari huɗu da suka wuce ne, ni da nake koyar da yara Turanci rabin maganar wuce ni take yi, wani lokaci sai mutane sun fashe da dariya ni ina neman abin da aka ce. Amma cikin minti kaɗan na daina bin kalmomi na koma bin mutane. Ga Beatrice ga Benedick, kowa ya ga yadda suke yaɓa wa juna magana ya san akwai wata a ƙasa. Wurin da abokan Benedick suka san yana laɓe suka dinga hira da ƙarfi wai Beatrice tana mutuwar son sa, shi kuma yana ta neman maɓoya yana leƙe, har idonsa ya faɗo kan wata tsohuwa da ke kusa da ni kamar yana tambayarta ko gaskiya ne, ta gyaɗa masa kai da gaske, filin gaba ɗaya ya ɗauka. Jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta sama da ƙara, ɗan wasan ya tsaya ya bi shi da kallo har ya wuce sannan ya ɗora daga inda ya tsaya.

Bayan hutun rabin lokaci aka fara yayyafi. An hana buɗe lema a filin don kada ka tare wa na baya, zama a ƙasa ma ba a yarda ba, masu kula da 'yan kallo suna zagayawa, 'yan sa-kai ne yawancinsu dattawa. Kowa ya ja hular rigarsa aka ci gaba, wasa ba ya tsayawa don ruwa a nan. A cikin yayyafin nan aka zo wurin ɗaurin auren Hero da Claudio, kuma nan ne wasan ya juye gaba ɗaya. An riga an shirya wa angon makirci, an nuna masa wata mace a taga da dare da wani namiji an ce amaryarsa ce, shi kuma bai tambaye ta ba, bai ja ta gefe ba, ya bari sai da aka taru a gaban jama'a sannan ya jefe ta da ƙazafi. Yarinyar ta kalli nan ta kalli can tana neman wanda zai tsaya mata. Abin da ya fi ƙona min rai ba angon ba ne, uban ne, Leonato, mutumin da ya haife ta ya raine ta, cikin ɗan lokaci ya gaskata baƙi a kan 'yarsa har yana cewa gara ta mutu. Ta faɗi sumammiya a kan katakon, bai fi taku biyu daga hannuna ba, ina ganin yatsunta suna rawa, ruwa na ɗiga daga bakin rumfa kusa da gashinta. Mutum ɗari bakwai a tsaye babu mai tari. Wani saurayi a bayana ya yi tsaki da ƙarfi da uban ya sake buɗe baki, ba wanda ya juya ya harare shi don abin da ke ran kowa ke nan.

Beatrice ce kaɗai ba ta yi shakka ba ko na daƙiƙa ɗaya, ta san 'yar'uwarta. Da kowa ya watse ya rage ita da Benedick, suka furta wa juna so a karon farko, mutane suka fara sakin ajiyar zuciya ana murmushi, yace ta nemi duk abin da take so zai yi mata, ita kuwa tace ya kashe abokin nasa. Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu a maƙogwaro da suka ga fuskarta. Ban fahimci duk jawabin da ta yi bayan nan ba amma na san me take cewa, takaicin mace ce da aka zalunci tata a gaban idonta kuma duniya ba ta ba ta hannun ramawa ba. Kuma a ƙarshe ba manyan gari masu ilimi ne suka tono gaskiya ba, wasu 'yan sintiri ne da shugabansu da ko magana ba ya iya jerawa daidai, su suka ji mai makircin yana fahariya da bakinsa suka kama shi. Ni dai har aka gama ban yafe wa Claudio ba, kuma ina ganin an yi masa sauƙi da yawa, wasan ya ba shi matar a karo na biyu ba tare da ya sha wuyar da ta kai laifinsa ba. Aka rufe da rawa kamar yadda suke yi a gidan, makaɗa a bene, 'yan wasa duka har da mugun ciki, mu ma muna tafi a jiƙe ƙafafu sun yi tsami.

A bakin kogi muka jira Kawu ya fito a hankali yana dafa ƙarfe. Nace masa rabin Turancin ban ji ba amma ba abin da ya wuce ni. Yace ai wannan kaɗan ne, a 2012 shekarar da Landan ta karɓi wasannin Olamfik, gidan nan ya gayyato ƙungiyoyi daga ko'ina a duniya aka yi wasannin Shakespeare 37 a harsuna 37. Wata ƙungiya daga Legas ta yi nata da Yarbanci, 'yan Kenya suka yi da Swahili, 'yan Sudan ta Kudu suka yi da Larabcin Juba ƙasarsu ko shekara ɗaya ba ta cika da samun 'yanci ba. Shi ya je na Yarbancin, ba ya jin yaren in ban da gaisuwa, ba a kuma fassara magana ɗaya bayan ɗaya ba, ɗan taƙaitaccen bayanin kowace fitowa kawai ake sawa a allo, amma yace Turawan da ke gefensa sun yi dariya inda ake dariya sun yi jugum inda ake jugum. Sai ya juyo yace "To ku fa? Tun 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya mai da ɗaya daga wasannin mutumin nan Hausa, Daren Sha Biyu, mun karanta shi a makaranta. Littafin yana nan, 'yan wasa kuna da su, me ya hana?" Tambaya iri ɗaya ke nan sau biyu a yini ɗaya, daga 'ya da uba, kuma ba su haɗa baki ba.

A jirgin komawa gida muka yi lissafin abin da za mu iya da hannunmu, don kawo ƙungiyar wasa Landan ya fi ƙarfinmu amma fassara labari ɗaya bai fi ba. Ana buɗe gasar 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba. Marubucin sai ya zama ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar mai shekara 18 zuwa sama, wato Bahaushen Najeriya ko Ghana ko Kamaru ko Togo zai iya, 'yan'uwanmu na Nijar ne abin bai haɗa da su ba. Matsalar farko da ƙanwata ta hango ita ce tsawo, yawancin masu rubuta gajeren labari a wajenmu sun saba da kalma 1,000 zuwa 1,500 irin na Hikayata, nan kuwa sai 2,000 ta cika, kuma ba a son wanda aka riga aka buga. Muka raba aiki, ni in nemo labari a wajen marubutan da na sani da izininsu, ita ta fassara, Kawu ya zama mai duba karin magana don yace ba zai yarda a kashe masa su a Turanci ba.

Na koma gida ba da daɗewa ba aka sanar da babbar kyautar, 'yar Mumbai ɗin ce ta ɗauka, ƙanwata ta turo min saƙon murya tana cewa matar kantin maganin nan har da kuka. Labari biyu na samo mata cikin Agusta, ɗaya tace ya yi gajarta kuma in aka ja shi zai lalace, ɗayan na wata malamar firamare ne a kan matar da ta je karɓo gawar mijinta a garin da ba ta taɓa zuwa ba. Shi muka yi ta kai da kawowa a kansa mu huɗu har cikin Oktoba, sakin layi ɗaya ma sai da ya ci mana mako guda, aka tura kafin a rufe. Bai shiga jerin waɗanda aka zaɓa ba. Malamar ta riga ta fara wani, wannan karon tun daga farko ta auna shi kalma dubu uku, kuma ta ce a gaya wa Kawu ya shirya don karin maganar ciki sun fi na wancan yawa.